Motar da ke Nishi

Su uku ne a gidan. Akwai Umma, mai ɗinkin labule da rigunan kujera, wadda kekenta na ɗinki yake bakin tagar da ke kallon titi. Akwai mahaifinta, wanda duk layin suke kira Kaka, tsohon direban babbar mota da ya shekara talatin da ɗoriya a kan hanya har rugugin inji ya cinye masa rabin ji. Sai 'yar Umma, mai shekara goma sha ɗaya, wadda Kaka ya laƙaba wa Kurciya tun tana cikin zane, saboda ko kuka take yi a hankali take yinsa. Kurciya ba ta taka ƙafafunta. A keken guragu take zirga-zirgarta, kuma ta iya shi sosai, tana juya shi tsakanin tebur da bango ba tare da ta goge fenti ba.

Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba, ba su kuma rasa abin dariya ba, don Kaka da jikarsa ba sa wuni ba su tsokani juna ba. Mota ma suna da ita, wata tsohuwar ƙaramar bas fara da suka saya a hannun wani. Abin da suka rasa shi ne safiyar da za a murza makulli da tabbacin motar za ta tashi.

Motar nan ba kamar sauran motoci take ba. A inda wasu suke da sifirin na ƙarfe a ƙafafun baya, ita jakunkuna biyu ne na roba cike da iska. A ƙarƙashin daɓenta akwai ɗan tanki, da wani ƙaramin inji mai hura masa iska, wanda makanikai suke kira kwamfuresa. Kusa da ƙofar baya kuma akwai maɓalli biyu. In an danna na ƙasa, iska ta fita, bayan motar ya durƙusa kamar raƙumi, a jawo faifan ƙarfe da igiya, Kurciya ta hau da kekenta ta shige. In an danna na sama, motar ta miƙe. Ba don wannan ba, sai an nemo ƙarti biyu su cicciɓe ta safe da yamma.

Makarantun da ke kusa da su duk masu matattakala ne. Wadda ba ta da su tana can ɗaya gefen garin, tafiyar rabin awa a mota, kuma a nan Kurciya take aji shida.

Mako shida ke nan da motar ta fara halinta. A ajiye ta da rana lafiya lau, gari ya waye a murza makulli, sai a ji ƙas, ƙas, shi ke nan. Batir ya kwana ya zube. Ba mota ce da ake turawa ta tashi ba, mai canza giya da kanta ce. In maƙwabcinsu mai kanti bai riga ya fita ba, yakan kawo motarsa a jona waya a tashe ta. In ya fita, Kurciya ta cire kayan makaranta ta ninke. A haka ta rasa kwana tara.

Sau uku Kaka yana kai motar wurin mai gyaran wutar mota da ke bayan tasha, wanda ake kira Mai Waya. Zuwan farko aka sa sabon batir. Zuwa na biyu aka auna dinamo, aka ga yana caji yadda ya kamata. Zuwa na uku Mai Waya ya ɗora mita, ya bi fis ɗin motar, wato 'yan makaran da ke kan kowane layin wuta, ɗaya bayan ɗaya yana cirewa yana mayarwa, bai ga abin da ke shan wuta ba. Sun taɓa gwada cire kan batir da yamma, amma da aka mayar da safe motar ta ƙi gane makullinta, sai da aka yi awa biyu ana fama, Mai Waya ya ce kada a sake. Kaka ya yanke hukuncin cewa batiran zamani ne ba su da albarka, kuma duk wanda ya tsaya a ƙofar gidan sai ya ji wannan bayani.

Akwai abin da ba wanda ya sani sai Kurciya. Tun da daɗewa motar ce ɗakin karatunta. Cikin gida keken ɗinkin Umma ba ya hutawa, rediyon Kaka kuma a ƙure take kullum, don haka in ta dawo makaranta ta ci abinci sai ta gangara rumfar da ke gefen gida inda ake ajiye motar, ta durƙusar da ita da kanta, ta shiga, ta ɗaga ta, ta buɗe littafi. A nan ta fara jin wani nishi a ƙarƙashin daɓe, gurrr, kamar na mai ɗauke da kaya, ya yi minti biyu ko uku ya tsaya. Can an jima ya sake. Nishin ya fara ne a makon da aka kawo mata sabon keke, don ta girmi tsohon, kuma sabon ya fi shi girma da nauyi. A makon ne kuma batir ya fara mutuwa.

Kurciya yarinya ce mai lissafi, sai ta haɗa wannan da wancan. Ta yi girma, kekenta ya yi nauyi, motar ta gaji da ɗaukarta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta dai fara barin manyan littattafai a makaranta, ta cire jakar da ke rataye a bayan keken, ta kuma fara barin rabin abincinta a kwano tana cewa ta ƙoshi.

Ranar Juma'a shugabar makaranta ta aiko da takarda. A cikin ladabi ta rubuta, amma ba ta ɓoye komai ba. Jarrabawar wucewa babbar makaranta ranar Litinin ce da ƙarfe takwas, masu sa ido daga waje za su zo, za a rufe ƙofa a kan lokaci, kuma babu zama na biyu. Wanda ya makara sai ya maimaita aji shida. Umma ta karanta sau biyu, ta ninke takardar, ta lulluɓe keken ɗinki da ƙyalle duk da akwai labule takwas da ke jiranta. Kaka ya ce shi zai koma wurin Mai Waya da safe. Umma ta ce a'a, wannan karon ita za ta je, don sau uku an tambayi motar ta ƙi magana, yanzu za ta zauna mata har sai ta yi.

Da safiyar Asabar mai kanti ya tashe musu motar, Umma ta ja ta zuwa bayan tasha. Garejin a cike yake. Janareta na ruri a gefe, masu gyaran jikin mota suna ta bugun ƙarfe a maƙwabta, sai mutum ya ɗaga murya ake jinsa. Mai Waya ya fito daga cikin wata mota yana goge hannu, da ya ga farar bas ɗin ya dafe kai. Umma ta nuna masa takardar makaranta. Ta tambaye shi, ba da faɗa ba, minti nawa yake yi yana kallon mitar duk lokacin da ya auna. Ya ce kamar goma, ko sha biyar, don kamar yadda take gani ba shi da lokacin zama.

"Maman Kurciya, abin da ya tsaya mini a rai ke nan," in ji shi. "Wataƙila ɓarawon nan ba a zaune yake ba. Zuwa yake ya sha ya koma. Irin wannan sai mai haƙurin gadi, ni kuwa kin ga layin da ke jirana."

Umma ta ce ita sana'arta zama ce, ya koya mata gadin kawai.

Ya ɗauko wata mita mai baki kamar na ƙaguwa, ya nuna mata yadda ake buɗe bakin a maƙala shi a baƙar wayar batir ba tare da an kwance komai ba. Ya ce ta cire makulli, ta rufe ƙofofi duka, ta zuba wa lambar ido. In sifili ne a gaba, motar barci take. In lamba ta haura ɗaya, wani abu yana sha. Ya sa ta maimaita a gabansa sau biyu, sannan ya ce ta kira shi in ta ga wani abu.

Kafin hantsi ya ɗaga sosai Umma ta mayar da motar rumfa, ta ɗaga bonet, ta maƙala mita, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna. A cinyarta akwai littafin da take rubuta awon taga, a hannunta agogo. Duk minti biyar sai ta rubuta abin da ta gani. Kaka ya fito da tabarmarsa ya zauna yana cewa a zamaninsu da kunne ake gane ciwon mota. Kurciya, wadda ta tsaya da kekenta kusa da tayar baya tana bitar lissafi, ta ce ai shi ya sa yanzu ba ya gane ko ɗaya. Ya ce me ta ce. Ta ce ba komai, gaishe shi take. Ya ce ya ji sarai, kunnensa zagi ne kaɗai ba ya wuce shi.

Sifili, sifili, sifili. Umma ta cika layi huɗu da shi. Sai ga wata mai labule ta yi sallama a ƙofar gida tana neman kayanta. Umma ta miƙa wa Kaka agogon, ta roƙe shi kada ya ɗauke ido, ta tafi ba da haƙuri. Kaka ya karɓa da niyya mai kyau, amma tabarau ɗinsa yana ɗaki, kuma a daidai lokacin mai kanti ya leƙo ta katanga yana tambayar yadda ake ciki, bayanin batiran zamani ya tashi.

Nan nishin ya zo. Gurrr, daga ƙarƙashin motar, ƙasa-ƙasa. Fensirin Kurciya ya tsaya a kan takarda. Ta san sautin kamar yadda ta san muryar Umma, amma ba ta taɓa jinsa daga waje ba. Ta ɗaga kai ta leƙa ta gilashi. Babu kowa a cikin motar, ko jaka babu. Ta tura kekenta zuwa gaba ta dubi mitar. Sha huɗu. Tana nan tana kallo nishin ya yanke, lambar ta faɗo ta koma sifili.

Umma ta dawo ta tambayi Kaka. Ya ce lafiya lau, ko motsi lambar ba ta yi ba. Ta zauna ta rubuta sifili na biyar. Kurciya ta koma wurinta, ta riƙe littafi, amma ba ta ga komai a shafin ba. Ta daɗe tana juya maganar a ranta. In ta yi shiru, Umma za ta iya wuni a nan, wani ya sake yin sallama a daidai lokacin, Litinin kuma ta zo.

"Umma," ta ce, "ta yi sha huɗu da kika tafi. Nan da kamar minti ashirin za ta sake."

Umma ta ajiye alƙalami. Ta tambaye ta yadda ta san za ta sake. Kurciya ta ce kullum haka take, in ta gama shafi ɗaya na lissafi sai motar ta yi nishi, in ta kusa gama na biyu ta sake. Umma ta ce tun yaushe. Ta ce tun da aka kawo sabon keke. Umma ta ce me ya hana ta faɗa. Kurciya ta sunkuyar da kai tana murza bakin littafinta. Umma ba ta matsa mata ba. Ta ce to, su jira tare.

Suka jira. Kaka ma ya aika kansa ɗaki ya ɗauko tabarau. A minti na goma sha tara Kurciya ta ɗaga yatsa, kafin Umma ta ji komai, sai ga lambar ta yi tsalle. Umma ta tashi ta bi sautin da kunne, ta durƙusa a gefen tayar baya, ta ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe ta ji yana rawa. Kwamfuresa ce take aiki, makulli kuwa yana cikin aljihun Umma.

Ta kira Mai Waya ta sa wayar a kunne. Ya ce ba zai yiwu ba, layin kwamfuresa ba ya samun wuta sai an murza makulli, kuma da hannunsa ya cire fis ɗinta ranar nan. Umma ta ce to ga ta nan tana ji da kunnenta. Tana cikin faɗin haka wani abu ya faɗo mata a rai, wanda ya kamata ta yi tunaninsa tuntuni. Ta ce masa za ta sake kira, ta juya wurin 'yarta. Ta tambaye ta da wane makulli take durƙusar da motar ta kuma ɗaga ta kullum da rana, tunda makulli a rataye yake a ɗaki. Kurciya ta ce ai maɓallan ba sa buƙatar makulli. A da can suna buƙata, amma Kaka ya yi wa motar magana ta daina.

Su biyun suka juya suka dubi Kaka. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Da ya buɗe baki, a hankali ya yi bayani. Shekara biyu da suka wuce, wata rana ya fito ya tarar da Kurciya a bayan motar cikin rana, littafi a cinya, tana jiran wani ya wuce ya ɗauko mata makulli, don ba ta son katse wa uwarta ɗinki. Abin ya tsaya masa. Washegari, da Umma ta tafi sayen yadi, ya shiga ƙarƙashin motar ya jawo wa kayan iskar wuta kai tsaye daga ƙatuwar wayar kik mai tayar da inji, kamar yadda suke yi a manyan motoci in suna son fitila ko abin dafa shayi ya yi aiki inji a kashe. Ya sa mata fis ɗinta daban, ya naɗe da kyau, ya ɓoye a bayan ƙarfe. Shi ya sa Mai Waya bai gan ta ba. Umma ta tambaye shi me ya sa bai faɗa ba duk zuwa ukun nan. Ya ce wayar ta shekara biyu ba ta yi laifi ba, sai bai kawo ta a ransa ba. Sannan ya ƙara da cewa ko da ta zo masa a rai sau ɗaya, bai so yaron nan Mai Waya ya yi wa aikinsa dariya ba.

Umma ba ta yi faɗa ba. Ta ce maganarsa akwai gaskiya a ciki, waya shekararta biyu, ciwo kuwa makonsa shida, don haka akwai wani abu da ya canza. Ta sake kiran Mai Waya ta faɗa masa komai. Ya yi dariya har sai da ya yi tari, sannan ya ce yanzu magana ta fito. Kwamfuresa tana tashi ne da kanta duk lokacin da iskar tanki ta ragu. Da babu yoyo, sai ta wuni ba ta motsa ba. Yanzu iska na zurarewa ta wani wuri, ita kuma tana ta cikawa dare da rana, da wutar batir. Ya ce a nemi ruwan sabulu a bi tiyo ɗin iska, inda ya yi kumfa nan ne. Shi zai zo in ya tashi daga aiki.

Umma ta shiga ta saka tsofaffin kaya, ta fito da kwalbar da take fesa wa labule ruwa lokacin guga, ta cika ta da ruwan sabulu, ta shimfiɗa wani labule da aka ɓata awonsa. Za ta shiga ke nan Kaka ya riƙe mata hannu. Ya ce ba wanda zai kwanta a ƙarƙashin motar da iska ke riƙe da ita sai an tokare ta, ya ga abin da hakan ya yi wa wani abokinsa. Ya kawo guntayen katako masu kauri, ya jera su a ƙarƙashin ƙarfen motar ta gefe biyu, ya girgiza ya tabbata, sannan ya ce bismilla.

Tiyo ɗin siriri ne baƙi, yana bin ƙarfe yana lanƙwasa. Umma ta fara daga tanki, tana fesawa tana jira, tana matsawa gaba kaɗan. Ruwan sabulu ya ɗiga mata a ido, ƙasa ta zubo mata a wuya. Ta bi gefen dama har ƙarshe ba ta ga komai ba. Kurciya ta roƙi Kaka ya kashe rediyonsa, ya kuma daina ba da shawara na minti ɗaya. Ta matso da kekenta, ta karkata kai, ta rufe ido. Can ta ce akwai wani siii, siriri sosai, ba ta wajen taya ba, ta tsakiya, daidai inda kekenta yake tsayawa.

Umma ta ja jiki zuwa wurin ta fesa. Kumfa ta taso, ƙanana-ƙanana, tana fashewa tana sake tasowa. Ta goge da yatsa ta duba da fitilar waya. Kan wata ƙusa mai murɗi ne ya leƙo daga daɓen motar, yana gogar tiyo har ya huda shi. Ta gane ƙusar. Ɗaya ce daga cikin waɗanda mai walda ya ɗaura mako shida da suka wuce, lokacin da ya sa sababbin ƙugiyoyin da ke riƙe sabon keken. Ta faɗa musu daga ƙarƙashin motar, muryarta cike da murna.

Kurciya ba ta yi murna ba. Ta ce, a hankali irin nata, "To ashe dai kekena ne."

Umma ta fito da baya-baya, fuskarta duk sabulu da baƙin mai. Ta zauna a ƙasa a gaban keken, ta ce ta maimaita. Nan Kurciya ta faɗi duka, nishin, da nauyin, da littattafan da ta bari a makaranta. Ta faɗi har da abincin da take ragewa. Umma ta tuna kwanonin da ta yi ta kwashewa da rabi, tana zaton fargabar jarrabawa ce. Ta sake shiga ƙarƙashin motar, ta ɗauki hoton wurin da waya, ta fito ta riƙe mata a gaban ido.

"Duba da kyau. Wannan ƙusa ce. Tsawonta ya wuce yadda ya kamata da kamar rabin ɗan yatsa. Ko kina ciki ko ba kya ciki, ko kin ci ko ba ki ci ba, tana nan tana hudawa. Ɗazu da ta yi nishi, wa ke ciki?"

"Ba kowa."

"To."

Kaka, wanda ya matso har ya ji rabin maganar, ya ce motar nan mutum tara aka yi ta ta ɗauka da kayansu. Ya ce shi ya ɗauki buhun siminti ɗari shida a bayansa ya haye tudu, yanzu wata kurciya da ko buhu ɗaya ba ta kai ba za ta zo tana yi masa alfaharin nauyi. Kurciya ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce ba a bayansa ya ɗauka ba, a bayan mota ne. Ya ce shi da motar ai duk ɗaya ne.

Bayan la'asar Mai Waya ya iso a kan babur da jakar kayansa. Ya yanke wurin da ya huje ya haɗa da sabon mahaɗi, ya datse kan ƙusar, ya naɗe tiyo ɗin da roba ya ɗaure shi nesa da daɓe. Sannan ya nemo wayar Kaka. Ya daɗe yana duba naɗin, ya fito ya ce aikin mutanen da ne, amma ya fi na yaransa masu koyon aiki tsafta. Kaka ya gyara zama. Duk da haka, in ji Mai Waya, dole a mayar da ita kan makulli, don gobe wani tiyo zai iya yoyo a koma gidan jiya. Kaka ya ce haka ne. Kurciya ta dubi maɓallan nan biyu.

Umma ta ga kallon. Ta tambayi Mai Waya ko durƙusar da motar ma yana buƙatar kwamfuresa, ko ɗagawa ce kaɗai. Ya tsaya da filaya a hannu yana tunani. Ya ce durƙusawa sakin iska ne kawai, wutar da yake ci ba ta kai ta ƙaramar fitila ba, kuma sai lokacin da yatsa ke kan maɓalli. Umma ta ce to a raba su. A bar wa maɓallin ƙasa wayar Kaka, a mayar da kwamfuresa kan makulli. Kurciya ta shiga ta fita da kanta, motar ta zauna a durƙushe har mai makulli ya zo. Mai Waya ya ce in ta gaji da labule akwai gurbi a garejinsa. Ya yi aikin, ya bar musu abin cajin batir ya ce a cire da safe, ya kuma bar mitar.

Ranar Lahadi Umma ta hana kowa taɓa makulli. Ta maƙala mita ta yi awa biyu cur a gabanta, Kurciya a gefe tana bita, kunnenta a buɗe. Shafi ɗaya, shafi biyu, shafi biyar. Littafin awon taga ya cika da sifili. A wurin abincin rana Kurciya ta cinye nata ta miƙa kwano a ƙara, Kaka ya ce a yi maza a ƙara wa motar iska.

Litinin da ƙarfe bakwai saura kwata, mai kanti yana tsaye a bakin rumfa da wayoyin jonawa a kafaɗa, don Umma ta roƙe shi ya jinkirta fita ko da za a buƙace shi. Kurciya ta danna maɓallin ƙasa da kanta, ta jawo faifan, ta hau, ta ɗaure ƙugiyoyin. Jakarta tana rataye a bayan keke da littattafanta duka. Umma ta zauna, ta yi bismilla, ta murza makulli. Injin ya tashi a bugu ɗaya. Mai kanti ya sauke wayoyinsa ya ɗaga musu hannu, Kaka kuma ya fara yi masa bayanin cewa batiran zamani ba laifi in an iya kula da su.

A ƙarƙashin daɓe kwamfuresa ta tashi, gurrr, bayan motar ya miƙe a hankali ya ɗaga ta sama. Kurciya ta saurara har ya tsaya. Suka isa ƙofar makaranta saura minti arba'in a fara.

Abin da Kurciya ta gane shi ne ba ita ce ta yi wa motar nauyi ba, kuma da ta faɗi abin da kunnenta ya ji tun ranar farko, da ba ta rasa kwana tara ba.